Kafin ka ɗora rumfa a bayan a-kori-kura, auna tazararta da kan mota

Ɗan'uwa, idan kana da a-kori-kura, ko wani naka yana da ita, tsaya ka ji abin da ya same mu.

Kawuna yana jigilar kaya da fasinja daga Sabon Birni zuwa Isa, ranar Alhamis kuma ya zarce kasuwar Shinkafi. Bara ya sa mai walda ya ƙera masa rumfar ƙarfe mai daɓenta, wadda ake ɗorawa a bayan motar a sauke, gabanta ya miƙo saman kan direba don ƙananan kaya. Da aka ɗora, tazarar da ke tsakaninta da rufin motar yatsa biyu ce. Na yi magana, mai waldar ya ce, "Ɗana, wagga tazara ta isa, ai ba ta taɓa ba."

A tsaye kam ba ta taɓa ba. Amma da muka yi lodi muka bar gari, duk ramin da muka faɗa sai ka ji ƙwam! a saman kanmu. Kafin mu kai Isa rufi ya lotsa, gilashin gaba ya tsage daga sama. Dole muka tsaya cikin daji muna sauke kayan gaba, ga la'asar ta yi. Wanda ya san halin tsaron hanyar nan ya san ba wurin tsayawa ba ne. Wata tsohuwa a baya sai salati take. Allah ya kiyaye, amma wallahi ban manta minti ashirin ɗin nan ba.

Ga abin da na gano daga baya. Kan mota daban, bodi daban, kowanne an ɗaure shi ne a kan shasi. Idan tayar gaba ta faɗa rami, ta baya kuma tana kan tudu, shasi yakan murɗe kaɗan, sai kai ya karkata nan, bodi ya karkata can. Ga nauyin kaya yana danna gaban rumfar ƙasa. Ko a Amurka, masu ɗora ɗan ɗakin kwana a bayan irin wannan mota suna fama da matsalar.

Wani ya ba kawu shawarar ƙara sifirin. Kada ka ɓata kuɗinka. Sifirin shasi yake ɗagawa, kai da bodi su tashi tare, tazara tana nan yadda take. Rumfar kanta ake ɗagawa, daga ƙarƙashinta.

Mu dai mun sauke ta, muka shimfiɗa roba a bodin, muka jera katako mai kaurin inci 2 tun daga gaba har baya, muka rufe da falanki. Kada ka sa guntayen katako a kusurwa huɗu kawai, tsakiyar daɓen za ta lanƙwashe. Da aka mayar da ita, tazara ta haura inci 3. Sai aka ɗaure ta da dogayen ƙusoshi masu noti har jikin ƙarfen ƙasa, ba gefen bodi ba.

Nan wayarka za ta yi maka aiki. A iPhone akwai ma'aunin daidaito cikin manhajar Measure, a Android kuma ka nemi Bubble Level a Play Store. Suna amfani ne da na'urar nan da ke juya allo idan ka karkata waya, don haka da zarar ka sauke, ko babu sabis za su yi aiki. Aza wayar a bodin, ka sake aza ta a kan falankin. Idan lambobin sun bambanta, katakonka bai zauna daidai ba.

Sai gwajin gaske. Yi cikakken lodi, ka manna curin laka a rufin motar ƙarƙashin rumfar. Direba ya hau tudu a karkace, taya ɗaya kafin ɗaya, kai kuma kana gefe kana ɗaukar bidiyo a yanayin tafiyar hawainiya. Iya yadda lakar ta baje, iya yadda rumfar ke saukowa ke nan. Tamu ta baje kusan rabi, ka ga yatsa biyu ina za su kai?

Amma fa kada ka wuce gona da iri. Duk incin da ka ƙara nauyi ka kai sama, mota kuma ta fi saurin kifewa a kwana. Buhun gero da albasa su zauna ƙasa, saman kai na tabarmi da robobi ne. Bayan tafiyar farko ka sake ɗaure noti, don katako yakan kwanta.

Har yau kawu yana tafiya da gilashin nan a tsage, kuɗin canji bai samu ba. Ƙarar dai ta ɗauke. Idan ka san mai shirin kai motarsa wurin walda, tura masa wannan kafin a kunna wuta. Allah ya tsare mana hanyoyinmu.