Ɗan Majalisa Mai Jan Biro

Shekara talatin da biyar na yi ina koyarwa, goma sha biyu daga ciki a makaranta ɗaya da mutumin da zan ba da labarinsa. Shi lissafi yake koyarwa, ni kuwa Hausa da tarihi, kafin daga baya a ba ni hedimasta. Ba zan faɗi sunansa ba, don iyalinsa suna nan, kuma shi kansa ba mai son a yi ta ambatonsa ba ne. Mu dai Malam muke ce masa. Da ya ci zaɓen majalisar jiha a watan Janairun 1999, sai 'yan gari suka koma kiransa Honarabul, yana amsawa a takure kamar wanda aka sa wa hular aro.

Mu 'yan wancan zamani mun taso muna ganin majalisa da kwarjini. A aji nakan ba yara labarin yadda wani malamin makaranta daga Bauchi, Abubakar Tafawa Balewa, ya miƙe a majalisar Arewa a Kaduna a 1950 ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, a lokacin da faɗin irin wannan magana sai mai ƙarfin hali. Da kunnena kuma na ji a rediyo rigimar Jihar Kaduna a Jamhuriya ta Biyu: gwamna Balarabe Musa ɗan PRP, majalisa kuwa NPN ke da rinjaye. Ya yi ta aika sunayen kwamishinoni suna mayar masa, har ranar 23 ga Yunin 1981 suka tsige shi, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Har gobe in an tayar da zancen a majalisar dattawan unguwarmu sai an rabu biyu, kuma ni ina cikin masu cewa an yi wa Balarabe rashin adalci. Amma ko wanda ya fi kowa jin haushi ya san abu ɗaya: a wancan lokaci gwamna ba ya kwana da ido biyu rufe in majalisa na zama.

Da wannan tunani muka raka Malam rantsuwa. Abin da ya tarar daban.

Tun kafin a sallame sallar Asuba zaurensa ya cika. Wannan da takardar magani, wancan matarsa ta haihu jibi suna, wani iska ta yaye masa rufin ɗaki, wani kuwa ya zo gaisuwa ne kawai, irin gaisuwar da ba ta ƙarewa sai an sa hannu a aljihu. Ba na zargin mutanen nan. Asibitin da ya kamata ya ba su magani ba shi da shi, kuma a cikin duk masu riƙe da gwamnati Malam ne kaɗai suka san ƙofar gidansa, suka san uwarsa da ubansa. Gwamna sai a hoto, sanata sai a allon talla. Ɗan majalisar jiha shi ne tsani mafi kusa da ƙasa, shi ya sa kowa ke fara taka shi.

Malam bai bar halinsa na malamin lissafi ba. Ya sayi littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, duk wanda ya zo sai ya rubuta sunansa da garinsu da buƙatarsa da abin da ya ba shi. Mutane suka tsani wannan littafi. Suka ce Honarabul na yi musu rajista kamar masu karɓar bashi. Ni ma na ce masa, "Malam, kyauta ba ta son shaida." Ya ce, "Hedimasta, ba kyautar nake ƙirgawa ba. So nake in san ciwon da ya fi kawo mutane ƙofata." Bayan wata shida ya nuna mini: fiye da rabin masu zuwa maganar magani ce, kuma yawancinsu daga ƙauyuka uku ne da ke kewaye da wani ƙaramin asibiti da rufinsa ya rufta tun zamanin soja.

Yawancinmu da muke jefa ƙuri'a ba mu san me ake yi a cikin zauren majalisa ba. A ƙa'ida, gwamna ba shi da ikon taɓa ko kwabo daga asusun jiha sai majalisa ta amince. Yakan kawo kasafin kuɗi, a raba wa kwamitoci, kwamishinoni su zo ɗaya bayan ɗaya su kare abin da suka nema, sannan bayan an kashe kuɗin babban mai binciken kuɗi na jiha ya kawo wa majalisar rahoto. Kundin kasafin nan ya fi tubali kauri, kuma Malam ya rantse mini cewa akwai abokan aikinsa da ko buɗe shi ba sa yi. Shi kuwa yakan zo da shi gida ranar Juma'a, ya shimfiɗa tabarma, ya ɗauko jan biro, ya bi shi layi-layi kamar yana duba jarrabawar aji shida. A haka ya gano cewa gyaran asibitin nan ya fito a kasafi shekara uku a jere, kowace shekara da kuɗinsa, alhali jemagu ne ke kwana a ɗakin haihuwa.

Bai yi ihu ba, bai kira 'yan jarida ba. A zaman kwamiti ya tambayi kwamishina ina aikin yake, aka ce an kusa gamawa. Ya nemi kwamitin ya je ya gani da ido. Sai da aka ɗage tafiyar sau huɗu. Ranar da suka je, mai unguwa ya zagaya da su cikin kangon, ba wanda ya ce uffan. Kafin damina ta gaba an rufe asibitin da sabon kwano, an turo ungozoma da ma'aikacin lafiya. Ranar buɗewa aka yi kiɗa, aka yanka ƙyalle, maroƙa suka wasa gwamna. Sunan Malam bai fito a allon da aka kafa ba, kuma a ƙauyukan nan uku ban tsammanin mutum goma sun san hannunsa a ciki.

Ni kaina da nake wannan bayani, na taɓa zama a layin zauren. Ɗana na biyu ya gama karatu ya shekara biyu ba aiki. Na je na ce Malam ya yi masa magana a wata ma'aikata, wadda kuwa kwamitinsa ne ke sa ido a kanta. Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Sannan ya ce, "Hedimasta, in na roƙi mutumin nan alfarma yau, da wane baki zan tambaye shi lissafi gobe?" Na san karin maganar kafin ya faɗa: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na san gaskiya ya faɗa. Amma gaskiya ba ta ciyar da yaro mai shekara ashirin da bakwai da ke zaune a ɗakin soro. Na tashi ban yi sallama ba, kuma na fi shekara ban taka gidansa ba. In mun haɗu a masallaci sai gaisuwar fatar baki.

Kada a ɗauka waliyyi nake siffantawa. Malam mutum ne mai bushewar fuska. Bai iya zaman makoki ba, yakan yi addu'a ya tashi kafin a kawo ruwa. Bai taɓa tara mutanen mazaɓarsa ya bayyana musu me yake yi da jan biron nan ba, yana ganin aiki shi zai faɗi kansa, alhali a siyasa aikin da ba a ba shi baki ba bebe ne. Kuma akwai ranar da ya faɗa mini da bakinsa, bayan mun shirya, wadda ta tsaya masa a rai: an kawo takardar neman amincewa da wani bashi da safe, aka ce ana so kafin Azahar, kakaki ya tambayi masu goyon baya, zaure ya amsa baki ɗaya, har da shi, bai karanta ko shafi ɗaya ba. Ya ce ya gaji ne da zama saniyar ware. Na tambaye shi ko ƙin amsawarsa zai hana. Ya ce a'a, amma da ya iya barci a daren.

Ya yi zango biyu. Da 2007 ta matso, aka kira shi aka ce jam'iyya ta yi maslaha, ya janye wa wani. Ya ƙi, ya shiga zaɓen fid da gwani, daliget suka ci abincinsa suka zaɓi wancan. Wanda ya gaje shi ya raba babura da kekunan ɗinki da injinan markaɗe, ya kai mutane Makka, kuma wallahi an fi son sa nesa ba kusa ba. Ba na raina keken ɗinki, na san gidan da shi ya riƙe marayu. Sai dai a shekarun nan ban taɓa jin an ce ya yi wa kwamishina tambaya ba, mu kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa dalili.

Abin ba na jiharmu kaɗai ba ne. Majalisun jihohi ƙanana ne, tsarin mulki ya ce kada su gaza mutum 24 kada su wuce 40, don haka gwamnan da ke riƙe da jam'iyya da lalitar jiha ba ya shan wahalar sanin buƙatar kowa. Ba a iya gyara tsarin mulkin Najeriya sai majalisu 24 cikin 36 sun yarda, ƙarfi ke nan ba ƙarami ba. Amma a gyaran 2010, da aka kawo batun ba su 'yancin riƙe kuɗinsu ba sai sun bi ta hannun gwamna ba, sai aka rasa adadin da ake buƙata daga su kansu. Sai a 2018 aka sa wa wannan gyara hannu. A Kano kuwa mun ga an ƙirƙiri masarautun Bichi da Gaya da Karaye da Rano cikin 'yan kwanaki a watan Mayun 2019, aka kuma rushe dokar cikin 'yan kwanaki a watan Mayun 2024. Ko wane ɓangare mutum yake a wannan rigima, ya ga irin saurin da majalisa ke yi in gidan gwamnati na sauri. Shi ya sa mutane ke ce musu 'yan amshin shata. Ina jin zafin kalmar, don na san wanda ya yi ƙoƙarin kada ta hau kansa, na kuma san yadda muka saka masa.

Malam ya koma gona da ɗan shagon littattafai a bakin kasuwa. Zauren da ba a samun wurin ajiye takalmi ya koma sai ni da shi da buta. Ɗana ya samu aikin koyarwa da kansa daga baya, ta hanyar jarrabawa, kuma Malam ne ya fara zuwa yi mini barka.

Bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, babban ɗansa ya kawo mini wani kwali ya ce, "Baba, ga littattafan nan, ku kuka san darajarsu." Guda goma sha tara ne, an ɗaure su da tsumma. Na kwana uku ina bi, ina ganin sunayen mutanen da yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, kowa da abin da ya kawo shi da abin da ya samu: naira ɗari biyar, buhun masara, kuɗin mota zuwa asibiti. A littafi na bakwai na tarar da sunana. A gurbin buƙata ya rubuta "aikin yaro". Gurbin abin da aka bayar babu komai. A gefen shafin kuwa, da jan biro, ya rubuta ranakun Juma'a guda huɗu, kowace da 'yar alama a gabanta, a ƙasa ya sa: "Na je gidansa, an ce ba ya nan."

Ina nan. Duk huɗun ina cikin ɗaki, ni na ce wa yara su faɗa masa haka.