Daga Hayin Banki Zuwa Kurmin Ngel Nyaki

A unguwarmu ta Hayin Banki, da ruwan fari ya sauka sai kwaɗi su cika lambatu da kuka. Yara na jifansu, manya na tsaki. Ni ma haka nake, har ran da ɗan ƙanena, mai karatun ilmin dabbobi, ya ce, "Kawu, zo mu je ka ga inda ake ƙirga kwaɗi." Na yi dariya, amma na bi shi.

Kwana biyu muka yi a mota, ta Jalingo da Bali da Serti, sa'an nan muka hau tsaunin Mambila. Hanya sai murɗewa take yi kamar maciji. Daga ƙauyen Yelwa muka taka da ƙafa zuwa kurmin Ngel Nyaki, wanda tudunsa ya kai wajen ƙafa 5,000. Ga hazo, ga sanyi, har na nemi bargo da rana tsaka.

Aikin na dare ne. Kowa da tocila a goshi da takalmin roba, muna bin rafi a hankali. A ɗaga dutse, a duba, a mayar da shi yadda yake. In an kama kwaɗo ko hawainiya sai a auna, a ɗauki hoto, a rubuta wurin da sa'ar. Maciji kuwa ba a sa masa hannu, sai da sanda mai ƙugiya. Wani kwaɗon bai kai kan babban yatsa ba, kukansa kaɗai ke tona shi. A Kurmin Danko, nan kusa, aka sami wani iri wanda masana ba su san shi ba, sai a 2010 David Blackburn ya bayyana shi, ya sa masa sunan kurmin.

Na ce, "To, ina amfanin wannan wahala?" Yaron ya ce, "Kawu, kwaɗo ta fatarsa yake shan ruwa, ta nan kuma yake wani numfashin. In rafi ya ɓaci, shi ke fara mutuwa. Ran da ya yi shiru, masu ɗiban ruwan su kuka da kansu." Da safe ya nuna mini bakin kurmin, inda wutar daji da shanu ke cinsa kaɗan kaɗan.

Ya ku masu karatu, Farawa sura 2 ta koya mana cewa Ubangiji ya sa Adamu a gonar Aidan domin ya kula da ita. Mai kula kuwa dole ya san abin da aka danƙa masa. Garinmu Kaduna daga kada ya sami suna, amma yaranmu nawa suka taɓa ganin kada a kogin?

Da na komo gida na hana zuba shara da baƙin mai a lambatun ƙofarmu. Yanzu in kwaɗi sun fara da dare, nakan ce wa jikokina su ajiye duwatsun, mu zauna mu saurara, mu gode wa Allah.