Tsakanin wa'azi da sanarwa

Ka taɓa lura da abin da ke biyo bayan wa'azi ranar Lahadi? Fasto ya gama cewa ceto kyauta ne, alherin Allah ne, ba mai sayensa da aikinsa. Jama'a sun ce amin. Kafin a gyara zama, sakatare ya miƙe da takardar sanarwa. Zumuntar mata za su share majami'a ranar Asabar. Matasa za su kwaso yashi. Wani dattijo na kwance a asibiti, a je gaisuwa. Ba wanda ke ɗaga hannu ya ce ai yanzun nan aka ce aiki ba ya ceto. Kowa na neman ranar da ta faɗo masa.

A kan wannan magana ta bangaskiya da aiki ikkilisiyar Turai ta tsage. A 1517 Martin Luther ya tayar da ƙura a Jamus kan takardun sassaucin horon zunubi da ake sayarwa. Ya tsaya a kan bangaskiya kaɗai, har a 1522 ya kwatanta wasiƙar Yakubu da busasshiyar ciyawa. Katolika suka amsa a taron Trent a 1547.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne shaidar da manzanni biyu, Bulus da Yakubu, suka kira. Bulus ya ce ta bangaskiya ake barata, ya kira Ibrahim. Yakubu ya ce bangaskiyar da ba ta motsa hannu gawa ce, shi ma Ibrahim ya kira. Sai dai ba rana ɗaya suke kallo ba. Bulus na kallon lokacin da tsoho marar ɗa ya gaskata alkawari, tun bai yi kaciya ba. Yakubu na kallon ranar da ya hau dutse da Ishaku, bayan shekaru masu yawa, yaron har ya isa ɗaukar itace.

A ganina ba juna suke yi wa musu ba. Bulus na fama da masu cewa sai da kaciya ake shiga. Wanda ya dami Yakubu kuwa duk mun san shi: mutumin da ɗan'uwa ke zuwa masa da yunwa da tsumma, ya sallame shi da fatan alheri, rumbu a rufe.

Sai a 1999, a garin Augsburg, Katolika da Tarayyar Lutheran ta Duniya, wadda ikkilisiyar LCCN ta Numan ke cikinta, suka sa hannu a takarda ɗaya. Sun yarda alheri ke ceto ta bangaskiya ga Almasihu, Ruhu Mai Tsarki kuma ke tura mutum ga aikin kirki. Ranar 31 ga Oktoba suka zaɓa, ranar da ake tunawa da tashin rigimar, shekara 482 a tsakani.