Injin da ke ɗingishi a tsakiyar kogi

Mota in ta lalace, direba ya gangara gefen titi a jira bakanike. Jirgin ruwa ba shi da gefen titi. In injinsa ya mutu tsakanin Gaya da Malanville, ruwa ne zai zaɓa muku inda za ku tsaya, ga mata da goyo a ciki, ga buhunan albasa waɗanda ba sa shiri da jiƙa. Shi ya sa nake ganin duk ɗan kasuwar da dukiyarsa ke hawa ruwa ya kamata ya san yaren inji, ko da bai taɓa riƙe sifana ba.

Tun da aka rufe gada a 2023, kogin Kwara ya zama hanyarmu. Ni da ƙanena muka haɗa jari muka sayi jirgi mai injin mota a cikinsa, na fetur, silinda huɗu. Daga shi ake cefanen gida biyu, daga shi ake biyan kuɗin makarantar yara. A daminar da ta wuce sai ya fara wata ɗabi'a: a bakin ruwa yana kuka lafiya lau, amma da an yi lodi an shiga tsakiya sai ya kama tari, jirgin yana kakkarwa, ƙarfi yana raguwa. Fasinja suka fara komawa jirgin maƙwabta, kuma ban ga laifinsu ba.

Wani dattijo da ya daɗe yana gyaran injina a bakin kogi muka kira. Ƙanena ya tayar masa da inji a gaɓa don ya ji. Sai ya ce, “Ɗana, a nan ba zai faɗa maka gaskiya ba. Ku ɗora kaya mu shiga.” Dalilinsa shi ne injin jirgi kullum tamkar mota ce mai hawan tudu, don farfela na tura ruwa ba hutu. In inji na jan nauyi, matsin cikin silinda yana ƙaruwa, wuta kuma tana buƙatar ƙarfi sosai kafin ta tsallaka bakin buji, wato fulogi. Wutar da ta isa a gaɓa ba lallai ta isa a tsakiya ba.

Kafin ya taɓa komai sai ya sa aka buɗe katakon da ke rufe inji, iska ta ratsa, ya sunkuya ya shinshina. Tururin fetur ya fi iska nauyi. A mota yana zubewa ƙasa ya tafi, a jirgi kuwa cikin gindi yake taruwa, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Wannan ita ce dokar farko, kuma ita ce wadda ta shafi rai.

Ya ce kowace silinda abu uku take nema: wuta, mai da iska, da matsi. Ɗingishi na nufin wata ta rasa ɗaya. Aikin farko shi ne a gano ko silinda ɗaya ce ko duka ne. Da filaya mai hannun roba ya riƙa zare wayar buji ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka zare kukan inji ya faɗi, tana aiki. Wadda aka zare bai sauya ba, ita ce matacciyar. A wurinmu ta uku ce.

Muka dawo gaɓa ya kwance bujin, ya karanta mana shi kamar wasiƙa. Baƙin toka busasshe na nuna mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni. Maiƙon baƙin mai na nuna ringi ko bawul sun ci. Fari fat na nuna mai ya yi kaɗan ko zafi ya yi yawa. In kuwa ka ga tsatsa ko ɗigon ruwa, to ruwa na shiga silinda, kuma wannan babban aiki ne. Namu baƙi ne busasshe.

Ƙanena ya ce, “Baba, to mu sayo sabo.” Dattijon ya hana. Ya musanya bujin ta uku da na ta ɗaya, muka sake shiga. Ciwon bai bi buji ba, yana nan a ta uku. Ya musanya waya, nan ma bai bi ta ba. Da ya buɗe murfin delko, mai raba wa silinda wuta, sai ga raɓa a ciki, ga wani siririn layi baƙi kamar zanen fensir daga ƙofar ta uku. Murfin ya tsage, wuta ta samu gajeriyar hanya tana gudu ta nan duk lokacin da nauyi ya hau. Murfi ɗaya muka saya, magana ta ƙare.

Ya bar mana wasu alamu da na rubuta a bayan littafin bashi. In inji ya yi aiki lafiya, sai ya yi zafi ya fara tari, ya huce ya warware, a tuhumi bobin, wato kwayil. In ɗingishin na yawo ba ya zama a silinda ɗaya, a zuba fetur a farar kwalba a ajiye, in da ruwa zai kwanta a ƙasa. In da safe ne kawai, raɓa ce. Wayar da ke satar wuta kuma da dare ake kama ta, za ka ga shuɗin tartsatsi na tsalle a jikinta. In wuta da mai duk lafiya, sai a auna matsi.

Ku masu jari a jirgi da ku masu aiko da kaya daga nesa, ku tambayi matuƙi abu uku kafin a kira bakanike: yaushe tarin ke farawa, da kaya ko ba kaya, da zafi ko da sanyi. Amsar na rage rabin wahalar bincike, tana kuma hana a yi ta sayen kayan gyara da ka. A jirgi a ajiye buji na ko-ta-kwana, da murfin delko cikin leda, da busasshen tsumma, da filafili, da abin kashe gobara. Injin da ya fara tari kuwa, kada a ɗora masa mutane har sai an san dalili. Kuɗin lodi ɗaya ana mayar da shi ranar kasuwa mai zuwa.