Kumburin da Ido Ba Ya Gani

Ƙanena ya faɗo daga babur wata Laraba da yamma, ba hular kwano a kansa. Ya miƙe da ƙafarsa, ya kakkaɓe wando, har ya kira ni yana dariya. Ni ne na ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, tunda yana magana ai da sauƙi. Daren Alhamis ya fara amai. Da asubar Juma'a muka kai shi asibiti, sai an girgiza shi yake buɗe ido.

Hoton kai ya nuna rauni a ƙwaƙwalwa, kumburi ya kewaye wurin. Likitan ya ce buguwar da kai ya yi da kwalta ta riga ta wuce, abin da ake fama da shi yanzu jiki ne ya tayar. A cikin ƙwaƙwalwa akwai ƙananan ƙwayoyin garkuwa, maikurogiliya, masu sintiri shiru. Da an ji ciwo sai su saki sinadaran kiran agaji, fararen ƙwayoyin jini su taho, shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ya saki, ruwa ya tsiyayo ciki. Da a gwiwa ne, fata za ta miƙe. Ƙoƙon kai kuwa ba ya buɗewa. Matsi ya yi ta ƙaruwa har jini ya kasa isa inda ake bukatarsa, kuma hakan kan ɗauki kwanaki kafin ya tsananta. Kwanakin da na ce a zauna a gida ke nan.

Inna ta ce, "Likita, to a ba shi maganin kumburi mana."

Ya ce, "Hajiya, an gwada." Binciken CRASH, wanda aka wallafa a 2004, ya haɗa majinyata fiye da 10,000, kuma waɗanda aka bai wa sitiroyid sun fi mutuwa. Ya ƙara da cewa ƙwayoyin nan su ne kuma ke kwashe matattun ƙwayoyi don wurin ya warke, ba a son a kashe aikinsu gaba ɗaya.

Aka ɗaga kan gadonsa, aka sa masa ruwan manitol. Nas tana zuwa da tocila tana haska idanunsa, ni ina ƙirga zuwanta.

Ya tashi, alhamdulillahi. Amma wata shida ke nan, hayaniyar kasuwa tana sa masa ciwon kai, kuma yaron da ba ya faɗa yanzu abu kaɗan ke tunzura shi. Inna tana cewa sammu ne. Ban yi mata gardama ba tukuna, don har yau ban iya tuna mata maganar da na faɗa ranar Laraba ba.