Kafanchan: Abin Da Ganyen Sabon Dashe Ke Faɗa

Matafiyin da ya baro Kaduna ta hanyar Kachia da Zonkwa a cikin watan Agusta, tun kafin ya iso Kafanchan zai ga ƙasa ta sake kama. Duwatsun Kagoro sun tokare gabas, gajimare na kwance a kansu, ga jar ƙasa ta jiƙe sharkaf. Jirgin ƙasa ne ya raya garin, domin tun 1927 ya zama mahaɗar layukan Fatakwal da Kaduna da Jos, amma abin da ya riƙe ƙauyukan kewaye shi ne noma, musamman citta.

To, a shekarar 2023 wata cuta ta afka wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da Jema'a, ta bar manoma da yawa hannu rabbana. Da rawayar ganye ta fara. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mutumin da ya dasa lemo ko mangwaro mai aure a bayan gida ya ga ganye ɗaya ya yi rawaya, gabansa ya faɗi, ya garzaya kasuwa neman maganin feshi. Sau da yawa kuwa asarar kuɗi ce kawai.

Ruwan wannan yanki yakan kama daga Afrilu har Oktoba, yana wanke abincin shuka daga ƙasa. Shi ya sa tambayar farko ita ce, wane ganye ne ya canza, tsoho ko sabo? Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka koɗe gaba ɗaya, yunwar naitirojin ce, taki kaɗan ya wadatar. Idan tsohon ganyen lemo ya yi rawaya ta gefe amma ya bar kore mai siffar kan mashi a wajen gindinsa, maganiziyam ne ya yi ƙaranci. Sabon toho kuwa da ya fito ƙanana, sirara, da rawaya tsakanin jijiyoyi, zinki yake nema, kuma buhun yuriya ba zai yi masa komai ba.

Akwai wanda bai kai wannan ba ma. Sabon ganyen mangwaro yakan fito ja-ja, ya yi laushi ya rataya kamar ya mutu, alhali lafiyarsa ƙalau, bayan 'yan makonni zai yi kore. Farin zane mai lanƙwasa a ganyen lemo aikin wata 'yar tsutsa ce da ke bi ta cikin fatar ganye. Baƙin da ke goguwa da yatsa kamar kunkunniya, dauɗar darɓa ce da ire-irenta, kuma jerin tururuwa a jikin reshe shi ke tona asirinsu. Amma baƙaƙen ɗigo da suka ci cikin ganyen mangwaro a tsakiyar damina, wannan cuta ce, sai a cire abin da ya kamu a ƙone.

Mafi munin duka ba a ganye yake ba. Dashen da aka binne har mahaɗar aurensa, ko aka sa shi a ramin da ruwa ke kwana, saiwarsa takan ruɓe, ganye ya yi yaushi alhali ƙasa na jiƙe. Mai shi sai ya ƙara ruwa da taki, ya ƙarasa shi. Da rani kuma, in hunturu ya ƙone bakin ganye, gara na nan tana jiran wanda ya raunana.

Ofishin shiyya na hukumar bunƙasa aikin gona ta Jihar Kaduna yana Samarun Kataf, ba nisa da Kafanchan. Mai zuwa wurin malaman gona ya tafi da reshe guda mai tsohon ganye da sabo, da ɗan guntun saiwa, a naɗe cikin takarda, domin a cikin leda kafin ya isa sun fara ruɓewa.