Layi Uku a Bangon Kicin

Ranar da mai tayil ya zo gidan, a wata sabuwar unguwa da ke bakin garin Ƙanƙara, bai taɓa siminti ba. Gawayi ya nema. Ya ja layi uku a jikin bangon kicin: na farko taƙi biyu sama da kantar girki, na biyu daidai linta, na uku can ƙarƙashin silin. Sannan ya karkaɗe hannu ya ce, "Hajiya, ga su nan. Inda kuka ce a tsaya, nan za a tsaya."

Matar gidan ma'aikaciyar jinya ce, kuma da kuɗin adashenta za a yi aikin. Mijinta malamin makaranta ne, ɗan wani ƙauye a ƙaramar hukumar Faskari. Shi kuwa mai tayil mutumin Sabuwa ne, wanda sana'a da neman kwanciyar hankali suka mayar da shi Funtuwa. Dukansu ukun sun san lissafin da ke bayan kowane layi, ko da yake ba lissafi ɗaya kowannensu yake yi ba.

Na kuɗi shi ne mai sauƙi. Kicin ɗin mita 3 ne tsawo, mita 3 faɗi, bangonsa kuma ya kai mita 3. Tayil ɗin da suka zaɓa mai santimita 25 da 40 ne, wato guda 10 ke rufe murabba'in mita ɗaya, katan kuma yana ɗauke da guda 15. Idan aka tsaya a layin farko, jeri biyu a bangon wuta da na wanke-wanke, katan 2 ya isa. Idan aka rufe bango huɗu daga ƙasa zuwa linta, bayan an cire ƙofa da taga, ana bukatar wajen katan 15. Zuwa silin kuwa, katan 22. A kan kowanne sai an ƙara kashi ɗaya cikin goma saboda fashewa da yanka, ga siminti, ga yashi, ga ladan aiki da ake biya bisa murabba'in mita, ga kuɗin mota daga Funtuwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira ta kuma faɗi, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zauna a farashinsa na da.

Akwai abin ɗaure kai a nan. Ƙasar Ƙanƙara ta shahara da farar ƙasar nan da ake haƙa, wadda irinta ce masana'antun tayil da fenti ke sarrafawa. Amma tayil ɗin da mutumin Ƙanƙara zai liƙa a bangonsa sai ya taso daga masana'antun Ajaokuta a jihar Kogi, ko na jihar Ogun, ko ma daga Sin da Indiya, an gasa shi a wutar da ta haura digiri 1,000, kuma mai saye ne zai biya kuɗin kowace kilomita da ya ratsa.

Ƙawayenta na wurin aiki sun ce ta kai shi silin, haka ake yayi a Katsina da Kano, kuma bango mai tayil tsumma ɗaya ke wanke shi. Suna da gaskiyarsu. Fuskar tayil ba ta shan ruwa ko mai, fenti kuwa yana sha, ya yi dabbare-dabbare, ya ɓare. Abin da ba su faɗa ba shi ne, tsakanin kowane tayil da ɗan'uwansa akwai siririn layin siminti, kuma nan maiƙo da ƙurar hunturu ke maƙalewa. Wanda ya kai tayil inda hannu ba ya kaiwa ya sayi aikin hawa kujera.

Maigida ya tsaya a layin farko, kuma ba rowa ce ta sa shi ba. An aza harsashin gidan a 2019. A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke garin. An sako yaran bayan kwana shida, amma ginin ya tsaya cak. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Bulo ya yi shekaru yana shan ruwan sama, ciyawa ta fito a falo. Mutumin da ya ga haka yakan auna kowane buhun siminti da tambaya ɗaya.

"Idan tashi ya kama mu fa?" Haka ya tambaye ta da dare. "Katifa tana hawa mota. Tukunyar gas tana hawa mota. Bango fa?"

"Malam," ta ce, "shekara biyar ke nan muna zaune kamar masu jiran mota."

A al'adar Bahaushe, adon ɗakin mace dukiya ce mai tafiya. Jeren kwanoni, tasoshi, gado, kabad, duk nata ne, iyayenta suka kawo, kuma duk inda ta nufa suna bin ta. Bango na namiji ne. Tayil ya zo ya rikita wannan rabo: ado ne na ɗakin girki, sau da yawa mace ke zaɓensa, wani lokaci ita ke biya, amma da zarar siminti ya kama shi ba ya fita sai a farfashe. Macen da ta zuba adashenta a bango ta ɗaure kanta da wurin. A garin da ke zaune lafiya ba a ko lura da wannan. A yankin da ƙauyuka suka watse, iyalai suka cika gidajen haya a Funtuwa da Malumfashi, magana ce babba.

Wadda ta raba gardamar ita ce mahaifiyar maigidan. Ta baro ƙauyensu da ƙullin kaya ɗaya, ta bar ɗakin da ta daɓe da hannunta, ta shafe da makuba da farar ƙasa. An zaci ita za ta fi kowa cewa kada a kashe ko sisi. Sai ta dubi layukan gawayin ta ce, "'Yar nan, kin taɓa girki a ɗakin nan?"

"A'a, Inna."

"To, wa ya gaya wa gawayi inda miya ke kaiwa? Ku ɗora tukunya tukuna. Bango zai faɗa muku."

Haka aka yi. Aka sallami mai tayil, aka yi mako biyu ana girki a gaban filasta tsirara. Talgen tuwon masara ya yi tsalle ya bar fararen ɗigo kamar taƙi uku sama da kanta. Suyar manja ta haura haka, ta bazu hagu da dama, ta wuce faɗin murhun kansa. Tururi da maiƙo suka yi inuwa mai duhu a saman wuta har kusan linta. A wurin wanke-wanke, danshi bai wuce ƙasan taga ba. Sauran bango biyun, na ƙofa da na ajiyar hatsi, ko ɗigo babu. Kunkunniya ma ba ta shigo ba, domin girkin itace da gawayi, wanda tsadar gas ta dawo da shi gidaje da yawa, a tsakar gida ake yin sa.

Da mai tayil ya dawo ya ga taswirar da girki ya zana, sai ya yi dariya ya goge layukansa. Ya ƙara shawara biyu daga cikin sana'arsa. Ta farko, a tsaya inda ido ya riga ya saba ganin iyaka, kamar kusurwa ko bakin taga ko linta, kuma a ƙare da cikakken tayil, kada a bar yankakke a sama. Ta biyu, a sayi duk abin da ake bukata rana ɗaya, domin tayil ɗin da aka gasa a lokuta daban-daban yakan bambanta a launi ko da sunansa ɗaya. Wanda ya ce zai ƙarasa baɗi yakan tarar samfurin ya ɓace daga kasuwa.

Aka yi jeri biyar a bangon wuta, daga kusurwa zuwa kusurwa, aka yi uku a bangon ruwa. Sauran aka shafa fenti mai sheƙi wanda ake iya gogewa. Katan 4 ya ci. Daidai ruwa, daidai tsaki. Ragowar kuɗin adashen aka sa ƙofar ƙarfe a zaure, aka kuma sayi buhunan masara tun da kaka.

Sai dai katan 5 matar gidan ta saya. Maigida ya ga ɗayan a ƙarƙashin gado, ya tambaya. Ta ce na gyara ne, saboda ranar da wani zai tsage, ko nan da shekara goma. Ya yi shiru yana duban katan ɗin. Sannan ya durƙusa ya ƙara tura shi ciki, inda ƙafar yara ba za ta kai ba.